Jirgin da Ya Kawo Maman Kefas

Duk wanda ya taɓa noman rani a Kwarin Dattijo ya san Kefas, don da wuya ka sami injin ban ruwa a wannan yanki namu na yammacin Kura da bai taɓa kwance cikinsa ba. Ni sunana Kubra, sana'ata turara shinkafa, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasa. Katangar ma damina ta cinye kanta, in na miƙe a bakin murhu ina hango abin da matarsa Ann ta ɗora. To abin da zan ba ku ba a bakin rijiya na tsinto shi ba, a idona aka yi.

Yana saurayi ya zo garin nan daga wani ƙauye da ke bayan Kafanchan, ba shi da komai sai 'yar jaka da takalmin roba. Da tsinkar tumatir ya fara a gonakin mutane. Daga nan ya maƙale wa wani tsohon makanike a Kura har hannunsa ya faɗa. Ya yi aure ya kawo Ann, suka haifi Emma da Emmanuella, ni kuma tun daga lokacin Baban Emma nake ce masa, shi yana ce min Yaya.

Mutum ne mai shiru-shiru, kuma yana da wani hali da ke ba ni haushi har gobe: bai iya ƙarya ba, ko irin 'yar ƙaramar nan da ake yi don a zauna lafiya. Wani makaniken in ka kai masa inji zai ce ka dawo jibi, jibin ya ce gata. Kefas kuwa zai ja igiya, ya kasa kunne, ya ce, "Malam, wannan ya gama aikinsa a duniya." Na taɓa miƙa masa ɗanɗanon miyar da na ɓata yini a kanta, ya ce gishiri ya yi yawa. Na daɗe ban amsa gaisuwarsa da daɗin rai ba.

In ka cire zuwa coci ranar Lahadi, Kefas ya zama ɗan gari sak. Ta'aziyya da shi, suna da shi, gayyar yashe kanal, wato magudanar ruwan noman rani, shi ne a gaba da shebur. Abu ɗaya ya daɗe bai samu ba, gona. Shekara da shekaru yana tayar da injin wasu, ruwa yana kwarara a fangalin wasu, shi ko taku ɗaya ba shi da shi. Sai da furfura ta fara leƙo masa sannan wani dattijo da ƙarfinsa ya ƙare ya ba shi aron wata 'yar gona can wutsiyar kanal, inda ruwa yake isowa a gajiye. Ranar da ya fara zuba iri a cikinta, wallahi kai ka ce haihuwa aka yi masa.

Mahaifiyarsa, Mama Tabita, duk tsawon shekarun nan ba ta taɓa tako garinmu ba. Ba faɗa suka yi ba. Tun Kefas yana yaro, wata ranar kasuwa, motar citta ta kife da ubansa da yayansa, aka kawo mata su a tabarma. A bayan ɗakinta aka binne su, yadda suke yi a can, aka bar mata gurbi a gefen mijin. A bakin kabarin ta dafa ƙasa ta rantse ba za ta ƙara shiga mota ba har ta koma ga Allah. Kuma ta riƙe. Kasuwa a ƙafa, coci a ƙafa, asibiti a ƙafa, ko babur ba ta yarda ya goya ta. Jikokinta sai in an kai mata su da Kirsimeti take ganinsu. Burinta biyu ne a duniya, kowa a gidan ya haddace su: kada ta karya rantsuwar nan, kuma in ta cika a kwantar da ita a gurbin nan.

Ana nan sai ga labari a rediyo cewa an sa sabon jirgin fasinja, zai riƙa tashi daga Kano ya bi Kaduna, ya karya ta Kafanchan har Fatakwal, sati-sati. Akwai wata 'yar tasha yamma da mu, ta ɓangaren Madobi, wadda tun ina amarya ban san ta da komai ba sai awaki. Aka share ta, aka shafa mata farar ƙasa. Gari ya ɗauki zance. Masu albasa suka fara mafarkin kudu, samari suna zuwa kallo a babur, mata suka fara kai dafaffen ƙwai da rake duk ranar Alhamis, don ran nan ne mai tafiya kudu yake tsayawa. Har wani maƙwabcinmu ya hau ya je Zariya ya dawo a mota, ba don yana da kowa a can ba, don dai a ce ya hau. Ni dai na ce a bari mu gani tukuna.

Kefas ya kira tsohuwa a waya. Ta ce jirgin ƙasa ai ba mota ba ne, tana budurwa ta sha hawansa, ba ya tsere da kowa, ba ya kauce wa kowa. Ƙarshen damina ya je ya taho da ita. Daga tasha kuwa sai da aka nemi amalanken shanun Malam Hambali aka shimfiɗa mata katifa a kai. Rabin unguwa ta fito ganin matar da ba ta shiga mota. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, baƙa, busasshiya, idonta tar.

Na ce, "Mama, sannu da hanya. Amma fa amalanken nan ma tayar mota ce a jikinsa."

Ta leƙa tayar, ta nuna bijimin da ke ja, ta ce, "Na gani, 'yata. Direban ne ya fi hankali."

Tun daga ranar muka ƙulla. Ba ta iya zama ba aiki, da safe za ta zagayo wajena ta karɓi katako tana juya min shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, a kan tamfol. Tana juyawa tana kushe miyarmu, wai ba ma sa citta yadda ya kamata, ni kuma in ce mutanensu ba su san tuwon shinkafa ba sai a biki. Ta ce min ta zo ne ta ga inda ɗanta yake kwana, ta ga jikokinta a ɗakinsu, ta koma kafin a fara tonon citta. Ƙunshin kayanta ma ba ta kwance shi duka ba.

Ga inda aka yi kuskuren. A nan wajenmu baƙo ba ya cewa zai tafi a ce masa to. Sai an ce haba, tun yanzu, me aka yi maka, shi kuma ya ƙara 'yan kwanaki don ya fita kunyar masu gida. Sannan manomi ba ya sallamar baƙonsa da abin da ya sayo a kasuwa, abin gonarsa yake ɗora masa, in ba haka ba har 'ya'yansa sai an yi wa gori. A garinsu Mama babu wannan dogon zance, in mutum ya ce zai tafi rakiya ake yi masa. Amma Kefas ya riga ya zama namu. Shinkafarsa ta farko ta sunkuya ta yi ja, saura kaɗan a sa mata lauje, ga uwarsa ta ɗaure kaya za ta bi jirgin Alhamis.

Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Mama, ki bari a yanke. A ce kin zo har gidana kin koma ba ki tafi da shinkafar gonata ba?"

Ina jin su ta katanga, na sa baki. "Baban Emma, ga tawa nan a buhu an riga an cashe, ɗebi ka ba ta. Wa zai bambance?"

"Ni zan bambance, Yaya."

Tsohuwa ta daɗe tana kallonsa yana durƙushe, sannan ta ja ƙunshin ta tura ƙarƙashin gado. Ta ce sati ɗaya.

Aka yanka, aka buga, aka kawo min na jiƙa na turara. Ranar da muka baza ta a tamfol sai ga hadarin ƙarshen damina, irin wanda ba wanda ya gayyace shi, ya jiƙa ta sharkaf. Dole aka ƙara wani satin. Alhamis ɗin nan muna tsakar gida muna sake bazawa, iska ta kawo mana kukan jirgi daga yamma, siriri. Mama ta tsaya da juyi, ta saurara har ya ɓace, sannan ta ci gaba da aikinta. Babu wanda ya san na ƙarshe ke nan.

Alhamis ta gaba aka ɗinke buhu, Malam Hambali ya kawo amalanke, muka yi sallama har da 'yar ƙwalla. Da yamma sai ga su sun dawo da buhunsu. An ce jirgin ya makara. Satin da ya biyo ma haka suka yini a tasha suka dawo. Aka jingine buhun a lungu, ba mai son kallonsa.

Ba wanda ya taɓa fitowa ya ce mana an daina, da ma an faɗa da ya fi sauƙi. Wani ya ce ruwa ne ya ci gada can kudu, wani ya ce kan jirgin ne ya lalace ana jiran kayan gyara, wani ya ce hanyar ce ba tsaro. Ni ban sani ba, kuma ba zan ɗora wa kowa abin da ban gani ba. Abin da na sani, jirgin nan bai daɗe yana gudu ba, farar ƙasar da aka shafa wa tashar ma ba ta gama dushewa ba. Masu ƙwai suka daina zuwa. Abin da ya fi cin rai, jirgin Legas yana wucewa jefi-jefi a kan layin, to duk ran da Mama ta jiyo kukansa sai ta miƙe ta sa takalmi. Sai Ann ta ce mata, "Mama, ba namu ba ne, wannan daga Kaduna wata hanyar yake bi." Ta cire takalmin ta ajiye a inda hannunta zai kai.

Aka tone citta ba ita. Kirsimeti ta zo ta wuce, karo na farko da ba ta share kabarin nan da hannunta ba. Kefas ya ɗauko fastonsu daga Kura, ya zauna ya yi mata bayani mai daɗi, cewa Allah ba Ya kama bawa da abin da ya faɗa cikin zafin rashi. Ta saurare shi tsaf, ta sa aka kawo masa kunu, ta ce, "Fasto, ranar da na yi maganar ba ka wurin." Wani mai shagon magani kuma ya kawo tasa dabarar, wai a sa mata maganin barci a shayi a ɗora ta a mota, kafin ta farka an wuce Zariya. Ranar ce kaɗai na taɓa jin Kefas ya ɗaga wa mutum murya.

Wata safiya tana zaune wajena muna tsince tsakuwa a shinkafa, sai ta ce, kamar mai tambayar farashin gishiri, "Kubra, na yi wani tunani. Gawa ba ta da rantsuwa. In na mutu ai dole su sa ni a mota su kai ni, ko ba haka ba?"

Na ce, "Mama, wace irin magana ce wannan da sassafe? Ki bari don Allah."

"Tambaya na yi," in ji ta, ta ci gaba da tsinta.

Daga nan ta fara rage cin abinci. Ba ta ce ta daina ba, wayo gare ta. Loma biyu sai ta ture kwano ta ce ta ƙoshi. Ann ta tsinci ƙwayoyin maganinta na hawan jini a ƙarƙashin tabarma, ta kawo min su a tafin hannu tana hawaye. Tsohuwar da ta zo tana ja min tamfol cike da shinkafa ta koma sai an riƙe ta take zagawa bayi. Duk mun gane abin da take nufi: ta samo hanyar komawa gida ba tare da ta karya rantsuwa ba, kuma hanyar ita ce ta mutu. Na ji tsoro ƙwarai. Kullum da safe kafin in hura wuta sai na kasa kunne ta katanga in ji tarinta tukuna.

Abu ɗaya ne yake sa ta ci. Duk Alhamis Kefas zai hau babur ya tafi tasha. Akwai ma'aikaci ɗaya da ya rage a wurin, Malam Fatihu, bawan Allah mai tausayi. Kefas zai tambaye shi, shi kuma ya ce, "To, wataƙila sati mai zuwa." Kefas ya zauna a benci har lokacin jirgi ya wuce, sannan ya dawo ya tsuguna gaban uwar ya ce, "Mama, an ce wataƙila sati mai zuwa." Ran nan za ta cinye tuwonta ta sha magani. Jumma'a da Asabar ma haka. Daga Litinin kwanon ya fara dawowa da saura, zuwa Laraba ruwa kawai take kurɓa, sai kuma Alhamis ta zagayo. Da 'yar wannan maganar aka riƙe ranta duk tsawon ranin.

Matsalar ita ce Alhamis ce ranar ruwanmu. Mu da ke wutsiyar kanal sau ɗaya a sati ake sako mana, daga hantsi zuwa la'asar, kuma in ba ka tsaye a kan gonarka da tiyo da fartanya, na sama da kai zai tare ya sha abinsa. Kefas ya dasa tumatir a ranin nan. Maigidana yakan ɗan karkata masa in ya gama da tamu, amma kafin nan ruwan ya zama zare. Gonar kuwa a kan hanyar tasha take. Ta gabanta yake wucewa a babur yana kallon mutane suna buɗe fangali.

Na tare shi a ƙofar gida raina a ɓace. "Baban Emma, wai kanka ɗaya kuwa? Ka san abin da Malam Fatihu zai ce, ni ma na sani, akuyar tashar ma ta sani. Ka tsaya a gonarka ka ba ta ruwa, da yamma ka shigo ka faɗa wa Mama abin da ka saba. Wa zai tona?"

Ya daɗe yana murza makullin babur. "Yaya, in na ji daga bakin mutum, saƙo na kawo mata. In ban je ba, ƙarya na yi mata. Kuma idona take kallo."

"To gonar fa? Aro ce fa. In mai ita ya ga ta bushe karɓewa zai yi."

"Na sani."

"Ka sani, amma ga ka a kan babur."

"Ni na riƙe Mama, Yaya. Da tuni tana gida." Ya tayar ya tafi.

Na bi shi da harara, amma ina shiga gida na zauna a bakin murhu sai hawaye. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, mutane sun fara kai injinansu wani wuri don ko an same shi ba a samun hankalinsa.

Ana cikin zafin tumatir, lokacin da kasuwa take cika har a koma yankawa ana shanyawa ya zama kauɗa, wata Laraba Mama ta ce gobe da ita za a je tasha. Kefas ya ce akwai rana, ta ce ta san rana. Ya ce jikinta, ta ce ai jikinta ne. Ann ta leƙo ta katanga fuskarta duk ta canza, ta ce, "Yaya Kubra, in ta ga wurin nan shi ke nan." Na ce zan bi su. Ban san me zan hana ba, amma na san ba zan iya zama a gida ba.

Malam Hambali ya kawo amalanke. Na hau na jingina ta a jikina na riƙe mata lema. Ba nauyi ko kaɗan, kamar na rungumi damin kara. Kefas yana tafe a ƙasa gefen shanu. Muka bi bakin kanal, ruwa ya fara isowa, ko'ina kore shar, mutane suna ɗago mana hannu. Da muka zo daidai gonarsa sai ya dawo ta ɓangaren ya tare da jikinsa, yana nuna mata wasu balbelu a ɗaya gefen. Ni dai addu'a nake a zuci, Allah Ya sa Malam Fatihu ya share wurin, Allah Ya sa ko na Legas ya wuce ta gani, don shi ma a lokacin ya yi wuyar gani.

Tun daga nesa na hango ja. Dandamalin tashar gaba ɗaya an shanya kauɗa. Ba a nan ta tsaya ba, an bi tsakanin ƙarafan dogo an shimfiɗa buhuna an baza, har inda ido ya ƙure. Wajenmu haka ne, duk inda ƙasa ta yi fili ta yi tsabta, kauɗa sai ta same shi. Mata suna tsugune suna juyawa. Malam Fatihu ya fito da sauri yana gyara hula, ya gaishe ta, ya dubi Kefas, ya faɗi maganar da ya saba, amma ƙasa-ƙasa.

Mama ko kallonsa ba ta yi ba. Ta sa na sauke ta, ta dafa ni muka taka har bakin layi, wajen wata matashiya da ke baza yankakken tumatir a tsakiyar ƙarafan.

Ta ce, "Sannu da aiki, 'yata. Ba kya tsoron jirgi ya zo ya bi ta kan kayanki?"

Matar ta yi dariya, ba da mugunta ba, ita ba ta san komai ba. "Wane jirgi, Mama?"

Na ji yatsunta sun matse kafaɗata. Kefas yana tsaye a bayanmu, ban iya juyawa na kalle shi ba. Ta duƙa a hankali ta shafa ƙarfen, tsatsa ta biyo hannunta, ta goge a zane. Ta ce mu koma.

A hanyar dawowa ta ce wa Malam Hambali ya tsaya, daidai gonar. Ta san ta, don Kefas ya taɓa kawo ta ta gani lokacin shinkafa tana tsaye. Yanzu tumatirin ya kwanta, ganyen ya murɗe, ƙasa ta tsattsage, 'ya'yan ƙanana sun ƙone a jikin uwa. Dama da hagu gonakin mutane ruwa yana ƙyalli a fangali. Ita manomiya ce, ba ta buƙatar bayani. Ta juyo gare ni, ba gare shi ba.

"Kubra, wace rana ake ba wa gonar nan ruwa?"

Na dubi Kefas, ya sunkuyar da kai. Ni da nake koya wa mutum ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce, "Alhamis, Mama."

"Kowace Alhamis."

"E, Mama."

Ta kalli ɗanta tun daga ƙafa har kai, kamar ranar ta fara lura da yadda ya koma. Malam Hambali ya kora shanu muka taho gida.

Da yamma ta ce a kawo tuwo. Ta cinye, ta nemi ƙari, ta sha magani a gabanmu. Ann tana murna, ni kuwa tsorona ƙaruwa ya yi, don na sha ganin marar lafiya ya ci da yawa ana gobe zai tafi. Washegari da hantsi ta aiko a kira ni, wai tana son shaida. Na same su a rumfa, Kefas yana tsugune.

Ta ce, "Kefas, ka nemo mota."

Ya ɗago. "Mama, rantsuwarki fa?"

"Ni na yi ta, ni zan je in amsa. Na yi ta ne don mota ta cinye min biyu. Ban yi ta don ita ma rantsuwar ta cinye min na ukun ba."

Aka ɗan jira ta yi ƙwari. A tsakanin nan mai gonar ya aiko cewa baɗi ɗan ƙanensa zai ba wa, Kefas bai yi musu ba. Ya je Kura ya nemo wani dattijon direba, Malam Yusuf, wanda 'yan tashar mota suke tsokana wai keke ma yana wuce shi. Ya roƙe shi in ya iso ya kashe mota, kada ya tayar sai ta zauna.

Ranar tafiya ta yi wanka ta ɗaura zanenta na zuwa coci, ta yi sallama da matan unguwa ɗaya bayan ɗaya. Ta fito da ƙafarta, motar tana ƙofar gida a buɗe. Saura kaɗan ta kai sai ta tsaya. Gumi ya keto mata, ta yi ta yi ta ɗaga ƙafa abin ya gagara. Na ce a raina shi ke nan, a nan za ta faɗi, a gabanmu.

Kefas ya matso ya ce, "Mama, a bari. Mu koma ciki, ba dole."

"Ba ni ba ce, ƙafafun ne suka ƙi." Ta miƙa masa hannu biyu. "Zo ka ɗauke ni. Da ma ko yaushe ne kai za ka ɗauke ni ka sa a ciki. Gara yau da nake iya riƙe wuyanka."

Ya ɗauke ta. Ta rufe ido ta ƙanƙame shi, ya yi ƙoƙarin ajiye ta a kujera ta ƙi saki, sai ya shiga da ita ya zauna tana kan cinyarsa. Ann ta tura ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara. Malam Yusuf ya yi bisimilla ya tayar.

Yinin nan ban hura wuta ba. Ni da Ann muna tsaye, kowa a ɓangarenta na katanga, wayarta tana ajiye a kai muna kallo. Sai bayan la'asar ta yi ƙara. Sun isa. Kefas ya ce ba ta buɗe ido ba, ba ta saki wuyansa ba har ƙofar gida. Da ya sauke ta ba ɗaki ta nufa ba, bayan ɗaki ta zaga tana dafa bango. Ya bi ta zai riƙe ta, ta ɗaga masa hannu ta ce ya tsaya nan, maganar tsakaninta da ubansa ce.